Gaurakar da Baba Ya Kai wa Baƙuwa

Ruwan da baƙi suke zuwa kallo a garinmu, gonarmu ce a ƙarƙashinsa. Ina 'yar firamare aka zo da manyan motoci aka tare rafin da ke bayan gari, aka ce dam za a yi domin noman rani. Kafin a ankara ruwa ya haɗiye fadamar gaba ɗaya, har da inda Baba yake shuka rake da albasa. An ba shi wani fegi a kan tudu a madadinta, amma tsakuwa ce zalla, ko gero sai ya ga dama yake yi. Daga nan Baba ya koma ƙwadago. Da kaka ya yi wa mutane cirar auduga, da rani ya tafi dako kasuwar Bakori, ya dawo da yamma wuyansa a sage.

Sai tsuntsaye suka gano ruwan. Kirinjijiya ta fara zuwa, sannan dinya da zalɓe, har da wasu masu dogon baki waɗanda ko tsofaffin gari ba su san sunansu ba. Bayan tsuntsaye kuma sai mutane: malaman makaranta daga Zariya, ma'aikatan asibiti daga Malumfashi, da 'yan kudu mazauna Funtua waɗanda suke zuwa lokacin Kirsimeti da rediyo mai kaset da tukunyar shinkafa. Da farko yara ne kawai suke kewaye su suna kallo, har sai baƙin sun gaji sun tafi.

Mai Unguwa ne ya tara magidanta a ƙofar gidansa ya ce, "Ruwan nan ya ci mana gonaki. To, mu ma sai mu ci daga gare shi."

Aka yi gayya aka kafa rumfar zana a bakin ruwa. Aka raba girki gida-gida, kowane gida da ranarsa. Mata suka ce su ba za su sayar wa baƙo abinci ba, abin kunya ne, don haka aka ajiye ƙwarya a gefen rumfa, aka rufe ta da faifai. Baƙo ya ci ya sha, in zai tafi ya ɗaga faifai ya sa abin da ya ga dama, ba mai kallonsa. Daga ƙwaryar nan aka rufe ajin makarantarmu da iska ta yaye, daga ita kuma aka sayi kwalekwale.

Kwalekwalen na gari ne, amma Baba aka damƙa wa, saboda yana saurayi ya taɓa cin rani a bakin kogi, ya iya tuƙi. Sharaɗin shi ne, ranar da akwai baƙi ya zaga da su, ranar da babu ya shiga ya yi kamun kifi da shi, kifin nasa ne. Wannan kifi shi ya tsayar da gidanmu. Inna tana soyawa ana kai wa bakin titin Dayi. Da shi aka saya mini akwati da bokiti da na ci jarrabawar makarantar 'yan mata ta kwana. Baba ya daina zuwa dako. Har ƙiba ya ɗan yi, ya kuma koma zama a sahun gaba a masallaci.

Ina aji biyu a sakandare na zo hutun ƙarshen shekara, aka ce tun da na fara jin Turanci, ni ce tafinta. Ban so ba. Ni ko a aji, in malama ta nuna ni, sai na ji harshena ya yi nauyi. Amma Baba ya ce, "Uwata, ba wani abu ba ne. Abin da suka ce ki faɗa mini, abin da na ce ki faɗa musu." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Cikin baƙin akwai wata baturiya, dattijuwa, mai aikin jinya. Ita ta fi kowa zuwa, ita ce kuma take jawo wasu. Takalmin roba take sawa irin na maza, a wuyanta madubin hangen nesa rataye da igiyar da aka ƙulla a wuri biyu. Direbanta Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, amma ba ya shiga kwalekwale. Ya ce shi da ruwa sai a kofi. Yakan zauna a rumfa yana cin gyaɗa yana tsokanar tsofaffin mata.

A wannan hutun ne gauraki biyu suka sauka a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar ruwa, inda dā tudun gonar maƙwabcinmu yake. Ranar da baturiya ta gan su, ta ɗaga hannu, Baba ya kafa gorar tuƙi ya tsayar da jirgi. Muka zauna shiru. Ba ta ci abinci ba, ba ta sha ruwa ba, rana ta gasa mata wuya ya yi ja, amma ba ta sauke madubin daga idonta ba. Can ta miƙo mini. Na leƙa, sai ga su kamar in taɓa su: tukkun kansu kamar tsintsiyar zinariya, kumatunsu fari da ja. Ɗaya ya sunkuya, ya buɗe fukafukai, ya yi tsalle, ɗayan ma ya yi. Duk zamana a garin ban taɓa sanin rawa suke yi ba.

Baba ya ce a hankali, "Me take faɗa?"

Na ce, "Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Ta ce da za a bar ta, da kullum sai ta gan su."

Baba ya gyaɗa kai. Kafin baturiya ta tafi ta ce za ta dawo Asabar mai zuwa da abokan aikinta da yawa, su ma su gani. Ranar girkin gidanmu ce kuma.

Da muka koma gida Baba ya zauna a kan turmi yana wanke ƙafa, ya ce da Inna, "Matar nan ta yi wa garin nan alheri. Ba mu taɓa ba ta komai ba sai tuwo."

Inna ta ce, "To me muke da shi, Malam? Ko kazar nan za a kama mata?"

"Kaza? Ta faɗa da bakinta abin da take so. Yarinyar nan ta ji."

A wurinmu haka abin yake. In baƙo ya yaba abu a gidanka, ka ba shi. Na sha ganin Inna ta kwance ɗankwali ta ba mace don kawai ta ce ya yi kyau. Gauraka kuwa ba kyautar kowa da kowa ba ce. Akwai wani alhaji a Funtua da yake da shi a tsakar gida, yana takawa tsakanin motoci, kowa ya san gidan da shi. Baba ya ce kyautar manya ce, matar nan kuma babba ce. Inna ta yarda. Ni ma na yarda. Na ma ji daɗi a raina, na ce za ta ga cewa mu ma mun san girma.

Baba yana da taubashi a unguwar da coci take, ɗan kawunsa ne, ɓangarensu Kiristoci ne. Kawu nake ce masa. Ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Shi ne mai doki, wurinsa Baba ya je neman gashin wutsiya na yin zarge.

Kawu ya ce, "Kai da ko ɓera ba ka taɓa kamawa ba, kai ne za ka kama gauraka? In ya ɗaga ka sama, ka gaishe mini da mutanen Tsiga."

Baba ya ce, "Ba ni gashin kawai. Dokin naka ma ai ba abin da ya rage a jikinsa sai wutsiyar."

Suka yi dariya. Kawu da kansa ya taya shi murza zargen, ya kuma nuna masa yadda ake binne shi a cikin ciyawa a watsa dawa.

Ran Juma'a da hantsi Baba ya shigo gida da gauraka a rungume, an rufe mata kai da tsohuwar hularsa. Ya ce macen ce, ta fi ƙanƙanta. Hannunsa duk ƙarzuwa, ta kuma tsaga masa riga. Da ta ci gaba da fizge-fizge sai ya harɗe mata fukafukai ta baya, yadda ake yi wa kaza in za a kai kasuwa. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya kara. Daga nan ta yi laƙwas. Muka ce ta saba ne.

Inna ta yago jan ƙyalle daga wani tsohon zane ta ɗaura mata a ƙafa don ado. Ni kuma na wanke rigar makaranta, na aro dutsen guga na gawayi na goge ta. Tun daga azahar wani kuka ya fara tashi daga wajen ruwa, mai kauri, kamar ana busa ƙaho. Namijin ne. Ya zo ya sauka a kan gawon da ke bayan gidanmu ya ci gaba. Inna ta ce, "Zai gaji ya tafi."

Ran Asabar motoci uku suka zo. Ba a taɓa samun baƙi da yawa haka ba. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta soya manyan kifi, ta jera a kwanonin aurenta waɗanda ba ta taɓa cin abinci a ciki ba. Labari ya riga ya zaga gari, don haka da muka fito, ayari muka zama. Baba a gaba da rigarsa ta Juma'a, gauraka a hannu. Ni a gefensa. Yara a baya suna tsalle. Mai Unguwa ma ya fito da sandarsa, mata suna leƙe ta kan danga. Ban taɓa tafiya kaina a ɗage kamar wannan rana ba.

Baturiya tana tsaye a bakin rumfa tana nuna wa abokanta tsibiri, da alama tana mamakin rashin ganin komai. Baba ya matsa gabanta, ya ɗan rusuna, ya cire hular daga kan tsuntsuwar, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Uwata, ki ce mata ga abin da ta yaba. Ba yawa. Kullum sai ta gan ta yanzu."

Na faɗa, da ƙarfi ma, yadda kowa zai ji Turancina.

Wata daga cikin baƙin ta sa hannu ta rufe baki. Wani da ya ɗaga kyamara ya sauke ta. Fuskar baturiya ta yi ja tun daga wuya har goshi. Ta dubi tukkun da ya kwanta gefe guda, ta dubi jan ƙyallen Inna, sannan ta kai hannu a hankali ta shafa fiffiken hagu. Tsuntsuwar ta zabura ta yi wani kuka siriri. Daga can sama namijin ya amsa.

Baturiya ta fara magana da sauri. Na ji duka. Ta ce fiffiken ya karye. Ta ce waɗannan tsuntsaye in sun haɗu ba sa rabuwa. Ta ce saboda irin wannan kamun ne suke ƙarewa a ko'ina. Ta ce ba za ta karɓa ba, ba za ta taɓa karɓa ba, wane ne ya ce tana so?

Baba ya juyo yana murmushi, hannunsa har yanzu a miƙe. "Me ta ce?"

Na dubi direba ko zai cece ni. Yana kallon takalminsa. Na dubi ƙasa. Ƙafar Baba na gani, da faso a dugadugansa, da silifas ɗin da aka ɗinke da waya.

"Uwata, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ba ta so."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. A garinmu ko maƙiyinka ya ba ka goro, karɓa kake yi, in ka ga dama ka yar a bayan gida. Ban taɓa ganin an mayar wa magidanci kyauta a gaban jama'a ba, a gaban 'yarsa, a gaban yara. Murmushin bai bar fuskar Baba nan da nan ba. Ya ɗan tsaya a wurin, kamar ya rasa inda za shi. Hannuwansa ma bai sauke ba, sai da nauyin tsuntsuwar ya gajiyar da su.

Direba ya matso ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Su mutanen nan kallo suke zuwa yi, ba ɗauka ba. In ka ba su a hannu, kamar ka fasa musu abin ne."

Baba ya ce, "Ai ita ta ce tana so."

"Tana so a can, Baba. Ba a nan ba."

Baƙin ba su shiga kwalekwale ba. Sun ɗan tsaya cirko-cirko, sannan suka hau motocinsu. Ba wanda ya buɗe kwanonin Inna. Ni na ɗauko su na mayar gida a kaina, da nauyinsu yadda aka kawo su, na bi ta tsakiyar gari domin ba wata hanya. Matan da suke leƙe ta kan danga ɗazu suna nan ba su tafi ba. Inna ta ɗaga murfi ta ga tuwon ko taɓa shi ba a yi ba, ta mayar ta rufe. Ta shiga ɗaki.

Asabar ta zagayo, ba mota. Wata ta sake zagayowa, ba mota. Lokacin ne kuma aka fi samun baƙi. Gidajen da ranar girkinsu ta wuce a banza suka fara magana. Mai Unguwa ya kira taro. Ban je ba, mata ba sa zuwa, amma ƙofar gidansa ba ta da nisa da rijiya, na kuwa daɗe ina jan guga ɗaya.

Na ji wani yana cewa Baba ya zubar wa gari da abinci. Wani ya ce tun farko bai kamata a ba mutum ɗaya jirgi ba. Sai na ji muryar Kawu.

"Ku dakata. Wa ya hana shi? Ran Juma'a duk kun ga tsuntsuwar, kuka ce madalla. Kai da kake magana, ba kai ka ce a sa mata ƙararrawa a wuya ba? Ni na ba shi gashin doki. In wauta ce, ta gari ce gaba ɗaya. Shi dai ya fi mu sauri ne, kuma dama tun muna yara haka yake, in za a faɗa rami shi ne a gaba."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta hana komai ba. Mai Unguwa ya ce dole baƙi su ji cewa an ɗauki mataki. Aka karɓi gora daga hannun Baba aka ba wani saurayi. Baba ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Abin da ya faɗa ke nan.

Kifi ya yanke a gidanmu. Inna ta koma surfe a gidajen mutane. Ni kuwa fita ta zame mini azaba. In na je rijiya, 'yan mata su yi shiru, in na juya baya wata ta kwaikwayi kukan gauraka, sauran su fashe. Yara suka sa mini 'yar mai gauraka. Na cusa rigar makarantar nan a ƙasan akwati, ko ganinta ba na son yi. In Baba ya aike ni, sai in bi ta bayan gari. In mun fito tare, sai in ja baya kaɗan, in bar tazara tsakaninmu. Ya lura. Sai ya riƙa ƙara sauri don tazarar ta zama kamar daga gare shi take.

Inna ta ce a yanka tsuntsuwar a huta, ko a kai wa alhajin Funtua. Baba ya ce a'a. Ya je ya kira maɗorin garinmu, wanda yake ɗora ƙafar mutum da ta akuya. Tsohon ya zo yana mita, ya ce shi bai taɓa ɗorin tsuntsu ba, kada a ji a gari. Ya ɗora fiffiken da tsagin kara da zare, ya tofa addu'a. Baba ya kewaye mata wuri da zana kusa da rumbu. Da safe ya ba ta dawa, ya aiki yara su kamo mata fara. Namijin kuwa bai gaji ba, bai kuma tafi ba. Kullum yana kan gawo. Duk gari ana jin kukansa, kowa kuma ya san a kan gidan wa yake yi.

Ranar komawata makaranta, akwatina ba garin kwaki, ba sukari, sai ƙuliƙuli da Inna ta ƙulla a leda. Na ji daɗin tafiyar. A makaranta ba wanda ya san labarin.

Da na dawo hutun Ista, zafi ya yi tsanani, ruwan dam ya ja baya har ana takawa da ƙafa zuwa tsibiri. Ban sami Baba a gida ba. Inna ta ce, "Yana wurin matarsa ta biyu," ta nuna wajen ruwa da haɓa. Ta ba ni fura in kai masa.

Fiffiken gaurakar ya warke, amma a karkace. Tana iya tashi kamar tsayin danga ta sauka, ba ta wuce haka. Baba ya mayar da ita bakin ruwa, amma in ya bar ta karnuka za su cinye ta, ko yara su jefe ta. Don haka in ba shi da ƙwadago a nan yake yini, a ƙarƙashin wata ƙaya, da sanda a gefensa. Namijin ya saba da shi, yana saukowa ya yi kiwo kusa da ita. Duk wanda ya doso da gwafar harbin tsuntsu ko da kare, Baba ya tashi. Tun da ya hana jifa a wannan gefe, sauran tsuntsaye ma suka taru a nan. Kawu yakan biyo a kan dokinsa ya ce, "Sannu da kiwo, Sarkin Gauraki. Yaushe za a yi tatsa?" Baba ya ce, "Ranar da dokinka ya yi gudu."

Baƙi sun fara dawowa kaɗan-kaɗan. Saurayin nan yana zagawa da su, amma ƙarshenta wurin Baba suke tsayawa, domin ba inda ake ganin gauraki kusa haka. Baba ba ya kula su. In sun gaishe shi ya amsa, ya mayar da kai.

Ina cikin hutun nan baturiya ta dawo, ita da direbanta kaɗai. Na hango motar, na so in gudu, Baba ya ce, "Zauna." Ta tako har inda muke. Ta daɗe tana kallon tsuntsuwar, da fiffiken da ya karkace, da jan ƙyallen da ya koɗe a ƙafarta. Sannan ta buɗe jaka ta fito da wani abu a naɗe da takarda. Ta ɗan rusuna, ta miƙa wa Baba da hannu biyu. Rusunawar ba ta iya ba. Na san direba ne ya koya mata, domin yana tsaye a baya yana gyaɗa kai kamar mai koya wa yaro tafiya.

Ta ce in faɗa masa cewa a lokacin ba ta san abin da ta yi ba, sai daga baya aka bayyana mata.

Baba ya bar ta a rusune na ɗan lokaci. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya karɓa da hannu biyu. Hoto ne a cikin gilashi: gaurakin nan biyu a kan tsibiri, fukafukai a buɗe, ranar da muka fara ganinsu.

Ya ce, "Uwata, ki ce mata na gode. Ki ce mata mu ba ma mayar da kyauta."

Na dubi ƙasa. Na yi tunanin in tsaya a kan godiyar kawai. Baba ya ce, "Duka za ki faɗa." Na faɗa duka. Wuyanta ya sake yin ja kamar wancan karon. Ta ce, "Na sani." Direba ya yi tari ya ce rana ta yi, ko akwai sauran fura.

Baturiya ta je ta roƙi Mai Unguwa a mayar wa Baba jirgi. Ya ce magana ce ta taro, ba ya warware ta shi kaɗai, saurayin kuma ya riga ya yi aure a kan kifin nan. Abin da aka yi shi ne, aka yanka wa Baba wani kaso daga ƙwarya a matsayin mai gadin tsuntsaye. Bai kai kifi ba, ko kusa. Da shi da surfen Inna na gama makaranta, da takalmi ɗaya.

Hoton kuwa Baba bai taɓa rataye shi ba. Inna ta sa shi a ƙasan babban kwanon aurenta, ta jera sauran a kai. Da za ta aurar da ni, tana fito da kwanoni, ta ci karo da shi. Ta goge gilashin da bakin zanenta ta ce, "Wannan fa? Ki tafi da shi, ko a bar wa mai shi?" Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyara silifas ɗinsa. Bai ɗago ba ya ce, "A bar shi. Ni aka ba."